Nana Asma'u 'Yar Shehu: Malamar Da Ba Ta Yarda A Manta Da Mamata Ba

 

Kwanakin baya ina koya wa ɗalibaina babin marsiyya a cikin adabin Larabci, watau waƙar da a kan yi don juyayin wanda ya rasu, sai na nemi kowane ɗayansu ya faɗa mini sunan uwar kakarsa, da wani hali guda da aka san ta da shi. Kaɗan ne ƙwarai suka iya kawo suna, hali kuwa ba wanda ya kawo. Ban ga laifinsu ba, domin yaro ba ya sanin abin da ba a gaya masa ba. A nan ne na tuna da wata baiwar Allah wadda ta rasu yau kimanin shekara 160, amma albarkacin alƙalaminta har gobe an san sunan maƙwabciyarta, an kuma san halin matar da ke karɓar haihuwa da wankan gawa a cikin jama'arsu. Wannan baiwar Allah ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansu da rahama, kuma tarihinta za mu waiwaya a wannan mako.

Asalinta da tasowarta

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani, wajen shekara ta 1793 Miladiyya. Tagwaye aka haifa, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Husaina za a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata Asma'u, masana kuwa suna ganin ya yi haka ne don neman albarkar sunan Asma'u 'yar Sayyadina Abubakar Siddiƙu. Mahaifiyarta ita ce Maimunatu, uwargidan Shehu kuma 'yar'uwarsa ta jini. Maimunatu ta rasu Nana tana ƙarama, saboda haka ta tashi a hannun sauran matan Shehu, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Ke nan tun kafin ta mallaki hankalin kanta ta ɗanɗana maraici, ta kuma ga yadda gidan kirki ya ke rufa wa maraya asiri.

Gidan Shehu gidan karatu ne, maza da mata. Shehu da kansa ya yi rubutu yana sukar malaman da ke koyar da ɗalibai na waje, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Abin da ya faɗa kuwa shi ya aikata a gidansa. Nana ta haddace Alƙur'ani, ta karanta tauhidi da fiƙihu da tasawwufi da nahawu, yayarta Hadiza kuma tana cikin waɗanda suka koyar da ita. Ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, har ta yi rubutu da dukansu uku, ta kuma ji Abzinanci.

Shekarun wahala

Tana 'yar shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, cikin watan Fabrairu na 1804. Jama'a suka bar gidajensu da gonakinsu, suka ɗora littattafai a kan dabbobi. A watan Yuni na wannan shekara Allah Ya ba su nasara a Tabkin Kwatto, amma kafin shekarar ta ƙare aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani da yawa suka yi shahada. Ga yunwa, ga ciwo, ga rashin matsuguni. A 1805 aka sake shan wuya a Alwasa, kusa da Gwandu. Ba a sami sararawa sosai ba sai da aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808.

Mai karatu ya dubi wannan hali da idon basira. Yarinya ce tsakanin shekara 11 da 15, tana tafiya daga sansani zuwa sansani, kullum ana kawo labarin wane ya faɗi, wance ta shiga takaba. Mutane da yawa da ta buɗi ido ta gani a Ɗegel an binne su a kan hanya, a wuraren da ba mai komawa. Wanda ya tashi a haka ya san cewa mutum na da saurin ɓacewa daga bakin mutane in ba a sami mai riƙe sunansa ba.

A cikin waɗannan shekaru ne aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, malami kuma aminin wanta Muhammadu Bello. Da Bello ya kafa Sakkwato a 1809 can suka zauna. Shehu ya yi 'yan shekaru a Sifawa, sa'an nan ya komo Sakkwato a 1815, ya yi wafati a cikinta a watan Afrilu na 1817, daidai da shekara ta 1232 Hijiriyya. Kafin wannan shekara ta fita ɗan tagwaicinta Hassan shi ma ya bi bayan mahaifinsu. Nana tana da shekara 24 a lokacin. Aka yi wa Bello mubaya'a ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo kuma ya zama Wazirinsa. Ta haka Nana ta kasance 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri. Da ta so ta zauna ta ci daular wannan matsayi ba mai hana ta, amma sai ta ɗauki allo da alƙalami.

Marsiyyoyinta

Rubuce-rubucen Nana da suka iso gare mu sun kai wajen 60, akwai na wa'azi, da na tarihi, da na begen Annabi, da na koyar da farillai. A cikinsu fiye da 15 marsiyyoyi ne. Allah Ya ba ta tsawon rai, wanda ya daɗe kuwa shi ke ganin tafiyar na gaba da na baya. Baffanta Abdullahi na Gwandu ya rasu a 1829, ta yi masa marsiyya. Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837, ta yi juyayinsa da Larabci da Fulatanci. Bayansa da shekara guda yayarta Faɗima ta rasu, sa'an nan wanta Muhammadu Buhari na Tambuwal, sa'an nan mijinta Giɗaɗo wajen 1850, sa'an nan Malam Mustafa mijin yayarta Hadiza. Kowane ɗayansu ta tsaya ta rubuta abin da ta sani game da shi.

Yin marsiyya ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Duk ɗalibin Larabci ya san Hansa'u da juyayin da ta yi wa ɗan'uwanta Sahru, ya kuma san Hassanu ɗan Sabitu ya yi wa Manzon Allah (SAW) marsiyya bayan wafatinsa. Abin lura a wajen Nana shi ne abin da ta ke zaɓa ta ambata. Bello mayaƙi ne, ya jagoranci rundunoni, ya gina ribaɗai, ya mulki ƙasa mai faɗi shekara 20. Amma da ta zo bayyana ko wane ne shi, abin da ta fi tsayawa a kai shi ne iliminsa, da tsoron Allah a ɓoye da sarari, da kyauta, da tsare haƙƙin talaka, da sauƙin kai ga mai neman taimako. Faɗima matar Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo ce, amma Nana ta tuna da ita a kan ciyar da dangi da baƙi, da yawan sadaka, da tanadin guzuri ga jama'a sa'ad da za a fita. Giɗaɗo Waziri ne, shi ya sauki Baturen nan Kilabaton da ya zo Sakkwato a 1824, amma matarsa ta tuna da shi a kan karɓar baƙi, da kula da iyalan Shehu, da ɗawainiyar gyaran masallaci da ƙofofin gari da hubbaren Shehu.

To, waɗannan duka manya ne, ko Nana ba ta rubuta ba wani zai rubuta. Inda darajar aikinta ta fi fitowa shi ne wajen mutanen da ba su da sarauta, ba su kuma bar littafi ba. A 1844 wata maƙwabciyarta mai suna Halima ta rasu, Nana ta yi mata waƙar alhini da Hausa, ta shaide ta da hankali, da haƙuri, da girmama babba da yaro, da gyara tsakanin 'yan'uwa in an sami saɓani. Akwai wani dattijo cikin danginta, Na'inna, wanda bai riƙe wani muƙami ba. Ta shaide shi da fara'a, da son dangi su ziyarce shi, da kyautata wa maƙwabta, da kau da kai daga abin duniya. A 1857 ta yi wa Zaharatu, wadda ke zuwa wurin mata in naƙuda ta kama su, ta ke wanke gawar mata, ta ke koya wa marasa sani addininsu, ko da wane lokaci aka kira ta ba ta nawa. Ta kuma yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin shugabannin ɗalibanta da ke zuwa daga ƙauye. Waɗannan bayin Allah da tuni ƙasa ta shafe labarinsu, amma 'yar Shehu ta jera su a sahu ɗaya da Sarkin Musulmi da Waziri, da awo ɗaya kuma ta auna su duka, watau abin da mutum ya amfana wa bayin Allah da yadda ya tsare tsakaninsa da Ubangijinsa.

Kada a zaci wai ilimi ya busar mata da zuciya. Aminiyarta ta ƙut da ƙut ita ce A'ishatu 'yar Umaru Alkammu, matar Bello, wadda suka tashi tare tun suna yara, suka yi karatu tare, suka sha wuyar hijira tare. Da A'ishatu ta rasu a 1855, Nana ta haura shekara 60, ta yi mata marsiyya da Larabci wadda masana ke lissafawa cikin mafi taɓa zuciya a duk abin da ta rubuta. Ba ta ɓoye kaɗaicinta ba, ba ta ɓoye hawayenta ba, amma ta bayyana iyakar da shari'a ta sa: zubar hawaye don tausayi da ƙauna halal ne, kururuwa da ihu su aka hana. Wannan kuwa shi ne abin da ya inganta daga Manzon Allah (SAW), wanda idanunsa suka zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, amma ya hana marin fuska da yage tufafi da kiraye-kirayen jahiliyya.

Wani abin amfani kuma, Nana ta kan rufe yawancin waƙoƙinta da ramzi, watau haruffan da in an lissafa su za su ba da shekarar da aka yi waƙar. Ta wannan hanya marsiyyoyin suka zama kamar kundin tarihin gida, aka san wa ya riga wa, da shekarar da aka yi kowane rashi.

Tsare tarihin magabata

Bayan rasuwar Bello, waɗanda suka ga Shehu da idonsu suka fara ƙarewa, yara masu tasowa kuwa ba su san wuyar da aka sha ba. Sai gidan Waziri ya ɗauki nauyin rubuta abin da aka gani. Giɗaɗo ya wallafa Raudul Jinan a kan Shehu, inda bayan labarin karamominsa ya jera sunayen iyalinsa da almajiransa da mataimakansa, ya kuma wallafa Alkashfu wal Bayan a kan Bello. Ita kuwa Nana ta tsara tarihin jihadin cikin waƙa da Fulatanci a 1839, tun daga wa'azin Shehu har zuwa zamanin Bello, don wanda ba ya karanta Larabci ya haddace. Ƙanenta Isa, autan Shehu, shi ya mayar da ita Hausa daga baya, ita ce a ke kira Waƙar Gewaye.

Tun Bello yana da rai ya rubuta littafi a kan salihan mata na farkon Musulunci, ya nemi ƙanwarsa ta mayar da shi waƙa. Ta yi da Fulatanci, ta kuma yi da Hausa, wadda aka sani da Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Ta ambaci matan Annabi da 'ya'yansa, da irin su Rabi'atul Adawiyya, amma ba ta tsaya nan ba. Sai ta ƙara da matan jama'ar Shehu waɗanda ta sani da idonta, kamar Joɗa Kawuri da 'Yar Hindu, malaman Alƙur'ani, ta biyun kuma an san ta da sasanta masu husuma. Manufarta a fili ta ke: matar da ke ƙauye ta san cewa salihanci bai ƙare a Makka da Madina da Basra ba, an yi shi a nan, a cikin mata masu daka da ɗebo ruwa irinta.

'Yan Taru

Waɗannan waƙoƙi ba don ajiya a gafaka aka yi su ba. Nana ta kafa wani tsari na koyar da matan karkara wanda aka sani da 'Yan Taru. A kowane gari a kan zaɓi dattijuwa mai hankali da amana, a naɗa ta jaji, Nana ta ba ta malfa da jan rawani alamar izini. Jaji ita ke jagorantar tsofaffin mata da 'yan mata zuwa wurin Nana, masu goyo da hidimar miji kuwa su zauna a ɗakunansu. In sun zo su kan kawo ɗan abin da ya sawwaƙa, kamar hatsi da zuma da man shanu, a raba wa mabukata. Su ɗauki karatu, su haddace waƙoƙi, su koma su koya wa waɗanda suka bari a gida. To, a nan marsiyyar Halima da ta Zaharatu suka yi aikinsu, domin matar da ta ji an yabi wata a kan sada zumunci da wankan gawa, daga bakin 'yar Shehu, ta san abin da a ke so ta zama. Tunawa da mamaci ya zama makaranta ga mai rai.

Rasuwarta da zuriyarta

Nana Asma'u ta rasu a 1864, daidai da 1280 Hijiriyya, tana da shekara 71 ko kusa da haka, a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku. An binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta, a Sakkwato. Wadda ta yi wa mutane marsiyya ita ma ta samu, domin ƙanenta Isa ya yi mata. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru a bayanta.

Allah Ya sa albarka a zuriyarta. Ɗanta Abdulƙadir ya zama Waziri, haka ɗanta Abdullahi Bayero. Jikanta Muhammadu Buhari shi ne Waziri sa'ad da Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Ɗansa kuwa shi ne Waziri Junaidu, babban masanin tarihin nan, wanda ya riƙe wazirci daga 1948 har rasuwarsa a 1997. A ɗakin karatunsa aka sami yawancin rubuce-rubucen Nana a tsare, daga nan ne kuma wasu mata biyu masu bincike, Jean Boyd da Beverly Mack, suka tattara su suka buga a littafi guda a 1997. Dubi ikon Allah: ta tsare sunayen magabatanta, sai Allah Ya ba ta zuriyar da ta tsare takardunta har tsawon ƙarni da ɗoriya.

Abin da ya rage gare mu

Ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) bai daina ambaton Nana Hadiza ba bayan rasuwarta, har in ya yanka akuya ya kan aika wa ƙawayenta da nama. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya gamu da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da ya ke hawa da rawanin kansa, don kawai mahaifin mutumin abokin Sayyadina Umar ne. An kuma hana mu zagin matattu, an sanar da mu cewa aikin ɗan Adam na yankewa da mutuwarsa sai ta hanya uku: sadaka mai gudana, da ilimin da a ke amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. A kan wannan sunna Nana ta gina aikinta.

Mu fa, yaya mu ke yi? In an yi rashi mu kan cika ƙofar gida kwana uku, a kafa rumfuna, a sanar a rediyo da jaridu, a jero muƙaman mamaci da na 'ya'yansa. Bayan an watse sai shiru. Marayun da aka bari ba mai leƙa su, aminan mahaifi ba mai gaishe su, takardun da malami ya bari kuwa suna cikin buhu gara na ci. In mace ce ma abin ya fi muni, domin kunya ta hana 'ya'ya faɗin sunanta tana da rai, bayan ta rasu kuma jikoki ba su taɓa jinsa ba. Ta yaya jika zai yi addu'a ga kakar da bai san sunanta ba?

Ba kowa ne zai iya tsara waƙa ba, ba a kuma nemi haka daga gare mu ba. Amma kowane magidanci na iya sayen littafin rubutu guda, ya zauna da tsofaffin gidansu tun suna da rai, ya rubuta sunayen iyaye da kakanni maza da mata, da garin da suka fito, da shekarar rasuwarsu in an sani, da halin kirki guda da aka shaidi kowane da shi. Ya rubuta gaskiya, kada ya ƙara gishiri, abin da ba shi da kyau kuwa ya bar wa Allah. Ya riƙa karanta wa yaransa, su yi musu addu'a da sunayensu. Wanda ya gaji littattafai ko takardu ya fitar da su ya kakkaɓe, ya nemi masana su duba masa. Wanda kuma ya san aminin mahaifinsa ko ƙawar mahaifiyarsa na nan da rai, to, ya je ya gaishe su a wannan mako, kada ya bari sai an aiko masa da labarin jana'iza.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, da mahaifinta Shehu Usmanu, da Halima da Zaharatu da sauran waɗanda ta ambata. Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da malamanmu, Ya haskaka kabarinsu, Ya ba mu masu tunawa da mu da alheri in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, amin.